Cokalin Reb Anshel

A garinmu Antwerp, in mutum ya yi niyyar kai iyalinsa hutu bakin teku, ba ya fara tambayar ko gadon otal ɗin da laushi, ko taga na kallon ruwa. Waya yake ɗauka ya kira Reb Anshel Halpert, su gaisa, ya yi masa jajen ciwon gwiwa, sannan ya sauke murya ya ce, "Reb Anshel, otal kaza fa? Ana ci?"

Reb Anshel ba malami ba ne, Reb ɗin laƙabin ladabi ne kawai, kada a ɗora masa girman da bai kai ba. Mai gogar lu'ulu'u ne, ya yi aikin tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari, da ya ajiye aiki kuma bai tafi da komai ba sai ɗan madubin nan da suke maƙalawa a ido. Da madubin yake zuwa otal. Kafin ya ajiye jaka, kafin ya amsa sannu da zuwa, sai ya nufi bangon da aka rataye takardar shaidar kosha, wato shaidar cewa abincin wurin halal ne a addininmu na Yahudawa, ya manna ido a kanta kamar an kawo masa dutsen jabu. Ya duba hatimi, ya duba sa hannu, ya duba ko wa'adinta ya wuce. Ya tambayi wane mahauci ke kawo nama, wa ke kunna murhu da safe, wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiya. In an amsa masa duka, sai ya ce a nuna masa mai sa-ido, wato mutumin da malamin da ya ba da takardar ya ajiye a kicin don kada a haɗa nama da madara, kada kuma a shigo da abin da bai halatta ba.

A nan kowane otal ke faɗuwa. In mai sa-idon ƙato ne mai tumbi, Reb Anshel ya ce ai sun saye shi da abinci, yaya zai tsawata wa kuku alhali bakinsa cike da naman kuku? In kuwa siriri ne, ya ce to ga shi nan, shi kansa ba ya cin abincin wurin, ya san abin da ya gani. An taɓa kawo masa wani matsakaici, ba ƙiba ba rama, ya kalle shi sama da ƙasa ya ce sabon zuwa ne, a ba shi lokaci a ga inda zai karkata.

Amma a faɗi gaskiya, bai taɓa buɗe baki ya ce abincin wani haramun ne ba. Mai tsoron Allah ne, ba ya ɓata sunan mutane. In an tambaye shi a waya, sai ya ja dogon numfashi, ya yi shiru har ka ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "Ni dai ban ce komai ba." Wannan ban-ce-komai ɗin ta kori baƙi daga otal-otal fiye da kuɗin cizo.

Abin haushin kuma, yana son otal. Duk lokacin zafi sai ya je ya kama ɗaki, ya sauko ɗakin cin abinci tare da kowa, ya zaɓi teburin da ba wanda zai kasa ganinsa, ya fito da kifin gwangwani da busasshen biskit da tuffa guda. Kofinsa daban, butar dafa ruwansa daban, ga cokalinsa a aljihun ƙirji, da shuɗin zare ɗaure a wutsiyarsa, alamar na madara ne, kada ya kusanci nama. Mutane na yankar gasasshiyar kaza suna satar kallonsa, kazar na yi musu ɗaci a baki. Shi kuwa yana tauna biskit a hankali, fuskarsa cike da haƙuri irin na bayin Allah. Ni a ganina ba abin da ya taɓa yi masa daɗi a duniya kamar wannan biskit ɗin.

Hannu ɗaya kawai ya yarda da shi, na matarsa Zisel. Ita ma ta sha tambaya har ta gaji. Wata rana ta ce masa, "Anshel, kai ko Aljanna ka shiga sai ka ce a nuna maka takarda."

Ya ce, "Ya danganta da wanda ya sa hannu."

Zisel na da romon kaza da take yi na daren Asabar, ranarmu ta hutu da ibada. Kafin ta jefa albasa a tukunya sai ta ƙona ta a kan wuta, da ɓawonta, har ta yi baƙi, ƙamshin ya cika gidan ya fita har matakala. Reb Anshel kan sha kwano ɗaya, ya ƙara na biyu, ya goge baki, sannan ya ce, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan." Ita kuwa ta ɗauki tsumman goge kwano ta make shi a kafaɗa. Haka suka yi ta yi har suka tsufa. Da Allah ya yi mata rasuwa, sai gwangwanin da yake ci a otal don a gani ya zama shi ne abincinsa a gida, inda ba mai gani.

Ba wai ba shi da inda zai ci ba ne. Yana da 'ya tilo, Hinda, mai hannun uwarta sak. Sai dai ta auri Gedalya, mutumin kirki, mai shiru-shiru, wanda aibinsa ɗaya ne a duniya: ɗan sabuwar majami'a ne. Mu a nan majami'a biyu ce, tsohuwa da sabuwa, ko da yake sabuwar ma ta girmi kakana. Allah ɗaya, littafi ɗaya, amma kowace da malaminta da mahaucinta da hatiminta, kuma 'yan tsohuwa ba sa cin yankan 'yan sabuwa. In ka tambayi dalili, kowa zai ce maka dogon zance ne. Ranar bikin Hinda, Reb Anshel ya yi rawa har hularsa ta faɗi, da aka kawo abinci kuma ya fito da ayaba daga aljihu. In ya je gidanta ganin jikoki, ruwa yake sha a kofin takarda. Hinda ba ta taɓa yi masa magana a kai ba, amma abin yana cin ranta, kuma duk wanda ya san ta ya san haka.

Ana nan sai Hinda da Gedalya suka karɓi wani ɗan otal a wani gari na bakin teku, suka gyara shi, suka rataye takardar malamin sabuwar majami'a. To, masu cika otal a lokacin zafi 'yan tsohuwar majami'a ne, su ne masu 'ya'ya rututu, gida ɗaya ya kama ɗaki huɗu. Su kuwa ba sa motsi sai sun buga waya. Suka buga. Reb Anshel ya ja numfashi, ya yi shirunsa, ya ce, "Ni dai ban ce komai ba." A ransa gani yake ya yi wa 'yarsa sassauci, tunda numfashin bai kai tsawon na kullum ba.

Ɗakuna suka zauna rabi babu kowa. Zancen ya koma kunnen Hinda, kamar yadda kowane zance ke komawa a garin nan. Ta kira ubanta a waya.

"Tati, ka zo mana Asabar ɗin nan."

"Hindale, kin san halina."

"Na sani. Ban ce ka ci ba. Ka zo kawai, yara na nemanka."

Ta san abin da take yi. In ubanta ya zauna a ɗakin cin abincinta ya buɗe gwangwani a gaban jama'a, otal ɗin ya mutu murus, don wa zai ci abin da uban mai wuri ya ƙi? Amma ta gaji da zaman jiran tsammani, gara a yi ta ta ƙare. Da labari ya bazu cewa Reb Anshel zai je, gidaje da dama na tsohuwar majami'a suka kama ɗaki a makon, wai iskar teku suke so. Kowa da gwangwanayensa a ƙasan akwati, ko da za a buƙata.

Ya iso ranar Juma'a da hantsi. Ya sumbaci jikoki a ka, ya maƙala madubi, ya duba takarda kamar bai san mai wurin ba. Ya ce a kira mai sa-ido. Sai ga Reb Kalman Birnbaum ya fito daga kicin yana goge hannu, wanda suka zauna benci ɗaya a makarantar yara, suka kuma yi ta faɗa tun daga lokacin. Allah ya yi wa Kalman tumbi kamar tulu, ya kuma ɗora tumbin a kan ƙafafu kamar sillen kara.

Kalman ya ce, "Anshel, ka duba da kyau. Sama na ci, ƙasa ban ci ba. Da wanne za ka kama ni?"

"Da duka biyun," in ji Reb Anshel. "Har yanzu kana barci a zaune kamar yadda kake yi a aji?"

"Ina yi mana. Amma da ido ɗaya a buɗe, saboda irinku."

Bayan azahar Reb Anshel ya haɗa gahawarsa a ɗaki, ya zuba madara, ya juya da cokalinsa, ya ɗauki kofin da cokalin a ciki zai sauka ya zauna a baranda. Yana tsakiyar matakala sai ƙamshi ya tare shi. Ƙonanniyar albasa ce, da ɓawonta. Ya tsaya cak, hannu a kan ƙarfe. Rabonsa da wannan ƙamshin tun Zisel na da rai.

Ƙofar kicin na buɗe. Ba kowa a ciki, duk sun fita ƙofar baya karɓar burodi, yana jin muryar Kalman can yana duba hatimin kwalaye. Reb Anshel ya ce wa kansa dama ce ta bincike, ai mai bincike na gaskiya ba ya sallama. Ya shiga. Ya ga kayan nama masu jar alama a ɓangare guda, na madara masu shuɗiya a wani ɓangaren, wurin wanki biyu, komai tsaf. Ya nemi abin da zai ja wa numfashi, bai samu ba, abin ya ɗan ɓata masa rai. Sai ya tsinci kansa a gaban wata ƙatuwar tukunya da yaro zai iya wanka a ciki. Ya ɗaga murfi, wai don ya ga ko akwai alama a bayansa. Tururi ya bugi fuskarsa. Ga baƙar albasar nan tana juyi a saman romo.

Nan take ya tuna cewa ɗanɗana abincin Asabar tun ranar Juma'a al'ada ce mai lada, magabata sun yi ta. Bai taɓa tunawa da wannan ladan a otal ɗin kowa ba sai yau. Kafin kansa ya gama shawara hannunsa ya riga ya yanke hukunci, ya zaro cokali daga kofi, ya tsoma a tukunya, ya kai baki. Ya lumshe ido. Ya sake tsomawa.

"Shuɗin zare nake gani, ko idona ne?"

Kalman ne a bakin ƙofa. Reb Anshel ya dubi cokalin, ya dubi kofin gahawa da madara a ɗaya hannun. Cokalin madara, da madarar a jikinsa, a cikin romon kaza mai tafasa. Shi, Anshel Halpert.

Kalman ya tako ya zare cokalin daga hannunsa, ya mayar da murfi, ya juya ya daka wa kuku da ke shigowa tsawa, "Kada wanda ya taɓa tukunyar nan!"

To, akwai hukunci da kowa ya sani: in ɗigon madara ya faɗa cikin nama bisa kuskure, kuma abincin ya ninka shi sau sittin, ɗigon ya ɓace, ana ci. Reb Anshel ya shafe rayuwarsa yana yi wa wannan hukunci dariya, yana kiransa lissafin masu otal. Yau shi ne ya kama hannun rigar Kalman yana raɗa.

"Kalman, ɗigo ne fa. Dubi girman tukunyar. Ta wuce sittin nesa ba kusa ba, kai ma ka sani. Rufe kawai mu fita."

"Na sani. Amma ba ni ke yanke hukunci ba, malam zan kira."

"Don Allah, don zaman benci ɗaya."

"A bencin ma cuta ta kake yi."

"Ni ne fa uban mai otal ɗin!"

"Ko kakanta ne kai. An ajiye ni nan in ga abu in faɗa, na gani kuma zan faɗa."

"Sunana za ka ambata?"

"Haba, ni mai ɓata sunan mutane ne? Zan ce wani baƙo ne. Tsoho. Mai yawo da madubi."

Ana cikin haka Hinda ta shigo rungume da burodi. Ta dubi Kalman da cokali a hannu, ta dubi kofin, ta dubi tukunya. Rana ta riga ta karkata, in aka ce a zubar da romon nan babu lokacin dafa wani kafin Asabar ta shiga a daina taɓa wuta, ga otal cike da mutanen da suka zo neman abin faɗa. Duk ta san wannan. Amma da ta dubi ubanta, abin da ta ce kawai shi ne, "Tati, akwai romo a gemunka."

Kalman ya buga wa malamin sabuwar majami'a waya, malamin da Reb Anshel bai taɓa yarda da hatiminsa ba. Aka tambayi girman tukunya, aka tambayi girman cokali, aka tambayi ko madarar da yawa. Kalman ya rufe bakin waya da hannu ya ce, "Malam na tambaya, da gangan baƙon ya yi?"

Reb Anshel ya harzuƙa. "Da gangan? Ni zan sa madara da gangan a romon Zisel?"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce. Hinda ta juya baya tana jera burodin da ta riga ta jera.

Hukunci ya zo: romo halal ne, kowa ya sha. Cokalin kuwa a tsare shi, ba nama ba madara, sai an dafa shi a tafasasshen ruwa bayan Asabar. Kalman ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihu, ya dafa aljihun sau biyu don mugunta.

Da magariba, bayan an dawo daga addu'a, ɗakin cin abinci ya cika maƙil. Reb Anshel na zaune a teburin iyali, ga gwangwaninsa da ya buɗe tun kafin faɗuwar rana, ga biskit, ga tuffa. Kowa na hira, amma ba wanda ke jin abin da na kusa da shi ke faɗa. Aka fara rarraba romo. 'Yan tsohuwar majami'a suka karɓa suka ajiye, wannan na gyara wa yaro hula, wancan na neman abin da bai ɓace ba a ƙarƙashin tebur. Gedalya na tsaye jikin bango yana zufa. Hinda da kanta ta ɗauko kwano ta ajiye a gaban ubanta, ta sa cokalin otal a gefe, mai jar alama, ta ja baya ta tsaya.

Reb Anshel ya dubi kwanon. In ya sha, sunan da ya gina tun ƙuruciya ya tafi, kuma ba a kan kowane romo ba, a kan wanda ya halatta da lissafin masu otal, da bakin malamin sabuwa. In ya ƙi, gobe duk Antwerp za ta ce akwai abin da ya gani a kicin ɗin 'yarsa, alhali abu ɗaya ne ya taɓa lalacewa a kicin ɗin nan, kuma shi ya kawo shi a kofi. Ya ɗaga ido ya ga Kalman a ƙofar kicin, ya harɗe hannu bisa tumbi, bakinsa a rufe gam. Ya gane mutumin ba zai tona shi ba ko ya ci ko bai ci ba. Wannan ya fi komai ba shi kunya.

Ya ture gwangwanin gefe. Ya ɗauki cokalin otal.

Da ya kai na farko baki, ɗakin ya yi tsit. Da ya kai na biyu, wata mata ta zunguri mijinta da gwiwar hannu ta ce, "Sha mana, ya huce!" Sai ƙarar cokula ta tashi ko'ina, yara na murna don sun tsira daga kifin gwangwani. Reb Anshel bai ɗaga kai ba har ya ga ƙasan kwano. Ya miƙa wa Hinda, ta ƙaro. Ya shanye na biyun, ya goge baki, ya gyara gemu, ya ce a hankali, "Gishiri ya ɗan yi kaɗan."

Hinda ta zare tsumman da ke kafaɗarta ta make shi da shi. Sannan ta shige kicin da sauri, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce albasa ce, ko da yake ba mai yanka albasa a daren Asabar.

Ranar Lahadi Kalman ya kawo masa cokalinsa, an dafa shi, zaren ya koɗe. Reb Anshel ya juya shi a hannu ya mayar masa, ya ce a sa a aljihun teburin kayan madara, zai buƙace shi in ya dawo Juma'a.

Kada ku ɗauka ya shiryu. Har yau in ya je otal ɗin wani, da madubinsa da gwangwaninsa yake zuwa, numfashinsa kuma bai rage tsawo ba. Sai dai in an buga waya an ce, "Reb Anshel, otal ɗin Hinda fa? Ana ci?" ba ya shiru ko kaɗan.

"Mai sa-idon wurin ba shi da mutunci," yake cewa. "Na roƙe shi da furfurata, ya ƙi ni. Ku je ku ci."

In mai tambayar ya ce, "Af, me ka roƙe shi?" sai a ji dogon numfashi a waya.

"Ni dai ban ce komai ba."